Kaskon Kawu Tankari

Ranar Asabar da ta wuce, da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, kwana shida da rasuwar Kawu Tankari, muna zaune a gidansa a Sukukutane. Akwai matarsa Inna Hajo, da jikarsa Rakiya wadda ta taho daga Yamai, da maƙwabciyarsu Hajiya Mariyama. Sale direba yana tsugune a bakin ƙofar zaure, ni kuma, ɗan ƙanwar mamacin, ina kusa da shi. 'Yan gaisuwa sun ragu. Sai wata mata ta shigo da kwanon fura ta dire a gaban Inna Hajo. Inna Hajo ta ɗaga murfi, ta leƙa, ta shinshina, ta ce wa matar: "Mi yak kwana ciki?"

Ita kanta ba ta san ta faɗa ba. Hajiya Mariyama ce ta fara dariya har ta rufe fuska da mayafi, daga nan muka bi. Wannan ce dariyar farko da aka yi a gidan tun ranar Lahadi. A wurin aka yanke cewa tunda aikina karanta labarai ne a rediyo, ni zan rubuta na Kawu, kuma kada in gyara shi. Ban gyara ba.

Duk wanda ya san Kawu ya san tambayar nan. Ba ya karɓar kwano, ko ƙwarya, ko buhu, ko ludayi, sai ya ji abin da ya kwana a ciki kafin a kawo masa. Bafulatanar da ke kawo musu nono ta sha wannan tambaya kowace safiya har shekara goma sha huɗu, kuma amsarta ba ta taɓa canzawa ba: nono ne ya kwana ciki, tun zamanin kakarta. Shi kuwa sai ya ce madalla, ya shinshina duk da haka.

Ba da wannan hali aka haife shi ba. Shekara talatin ya yi a ma'aikatar gona yana kula da iri. Aikinsa ya jiƙa ƙwaya ɗari a tsumma, ya jira kwanaki, ya duba nawa suka tsiro. Da ya ajiye aiki ya dawo gida da ƙaramin sikeli, da littattafan rubutu da bai gama cikawa ba, amma babu sauran abin da zai auna. Sai aka kawo masa Rakiya. Tana da shekara shida lokacin da uwarta ta rasu, ubanta kuma, ɗan Kawu na fari, yana Kwatano wajen neman abinci. Yarinya ce siririya, cikinta kullum a kumbure. Wani lokaci kuma jikinta ya yi rudu-rudu, leɓe ya kumbura, numfashi ya riƙa fita da ƙyar yana ƙara kamar sarewa. Sau biyu aka garzaya da ita asibitin Dogondutsi.

Gida ya rabu biyu. Inna Hajo ta ce doguwa ce ta kama yarinyar, a kai ta wajen masu bori. Ƙanen uban Rakiya, wanda ke da butik, wato shago, a bakin kasuwa, ya ce ba za a kai jininsu wannan wuri ba, ruƙiya za a yi. Kawu bai goyi bayan kowa ba. Ya ɗauko littafi, ya yi wata uku yana rubuta duk abin da ya shiga bakin Rakiya da lokacin da ya shiga. Sannan ya tara su ya buɗe musu shafi. Duk ranar da ciwon ya tashi, ko ranar kasuwa ce ko kashegarinta. Ranar ce Inna Hajo ke sayo ƙuli-ƙuli da fanke, ranar ce kuma mai butik ke ba 'yar wansa biskit don tausayi.

"Ban taɓa ganin doguwa mai jiran ranar kasuwa ba," in ji Kawu. "Wagga doguwa cikin leda kuke kawo ta."

Ya kai ta Yamai wajen likita. Likita ya gwada ta ya ce abu biyu ne. Jikinta ba ya ɗaukar gyaɗa, ko ƙwaya ɗaya, ko ɗigon mai, kuma wannan na iya kashe ta. Hanjinta kuma ba ya ɗaukar alkama, don haka babu burodi, babu taliya, babu fanke, babu biskit. Kawu ya dawo yana gaya wa mutane cewa likita ya yarda da shi, kuma yaron yana da ƙoƙari.

To, a Arewa, yankinmu na Dogondutsi, a ce yarinya ba ta cin gujiya, wato gyaɗa a Hausar rediyo, kun san abin da ake nufi. Tana cikin man miya, tana cikin kwaɗon zogale, tana cikin yajin tsire. Tuwo da fura ba su da matsala idan an kiyaye tukunya. Matsalar tana lakkol, wato makaranta, lokacin shan iska, inda kowane yaro ke da abin taunawa, ita kuwa sai kallo. Wata rana wata ƙawarta ta gutsura mata ƙuli, ta karɓa, aka dawo da ita gida a goye. Ranar Kawu ya ce wa'azi ba zai hana yaro kwaɗayi ba. Abin da ake bukata shi ne wani abu da za ta sa a aljihu, wanda ba ya lalacewa, wanda kuma ya fi na hannun ƙawayenta daɗi.

Haka dattijo mai furfura ya shiga harkar murhu. Inna Hajo ta ce ba a madafarta ba, ba za ta zama abin zance a bakin rijiya ba. Shi ma ya ce ba ya so, don madafarta gujiya ta gama yawo a ciki. Ya kafa duwatsu uku a bayan ɗakinsa. Ya sa maƙeri ya buga masa kaskon ƙarfe sabo, ya sa aka sassaƙa masa turmi da muciya, ya sayi faranti biyu. Injin niƙa na gari kuwa ya yafe shi har abada, don ya ga ana niƙa gyaɗa a ciki.

Ina da littafin gwaje-gwajensa a gabana. A gwaji na ɗaya ya soya gero ɗanye da zuma, kuma abin da ya rubuta a ƙarƙashi shi ne: "Haƙori ɗaya." Nasa ne, na ƙasa ta hagu. A gwaji na uku zuma ta ƙone, ya zuba wa akuya, ta shinshina ta juya baya, ya rubuta ra'ayin akuya kamar yadda zai rubuta na manomi. A gwaji na tara ne ya ja layi biyu a ƙasan shafi.

Ga yadda yake yi, don masu tambaya. Ya surfa gero, ya wanke, ya jiƙa shi ya kwana. Da safe ya turara shi sama-sama kamar za a yi dambu, ya shanya a tabarma sai ya bushe sarai, sannan ya soya a kasko da wuta kaɗan har ƙamshi ya tashi. Riɗi dabam yake soya shi, don ya ce riɗi ba ya jiran kowa, ka juya ka amsa sallama ya ƙone. 'Ya'yan kabewa, da na guna, da na kankana, duka ɓararru, su ma dabam. Ma'auninsa gwangwanin tumatir ne: gero huɗu, riɗi biyu, sauran ɗaya-ɗaya. Sai ya narka zuma gwangwani ɗaya da ɗan man shanu da gishiri kaɗan, ya juye komai a ciki, ya yi ta juyawa har kowace ƙwaya ta sami rabonta. Ya baza a faranti, ya danna da bayan ludayi, ya tsaya a kai da sanda har ya huce, don kaji da kuma Inna Hajo. Idan ya huce sai ya ɓaɓɓalla shi, ya watsa yankakken dabino a ƙarshe. Dabino ba ya shiga wuta, don yana komawa tsakuwa. Ana ci haka nan, ana kuma zubawa a nono.

Ya raɗa masa suna Iri Biyar. Daga baya ya ƙara garin magarya, ya kuma ƙara aya, bayan ya tsare ta wata biyu yana jiran amsar takardar da ya aika wa likita, don ya ce duk abin da ke 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa yana iya zama dangin gujiya. Na taɓa nuna masa cewa yanzu iri bakwai ne, sunan bai dace ba. Ya dubi cikina ya tambaye ni ko an sake mini suna da na yi tumbi.

Samun 'ya'yan kabewa da na kankana shi ne ya sa garin ya fara cewa Kawu ya taɓu. Ba ya saye. Duk gidan da aka fasa kabewa, kafin a ɗora tukunya ya yi sallama da gwangwani. Lokacin kankana kuwa yakan tsaya kusa da mai sha a kasuwa, ya miƙa gwangwanin ya ce a tofa nan, kada a zubar da dukiya a ƙasa. Ya wanke su sau uku, ya shanya, sannan ya kai majalisar dattawa da ke ƙarƙashin bedi a ƙofar gidansa. Duk wanda ya zauna sai ya wanke hannu da sabulu, ya faɗi abin da ya ci da safe, a ɗibar masa nasa ya ɓare. Dattawa tara ne ke zama a majalisar nan tun ina yaro. Cikin damina ɗaya suka koma uku. Kawu ya ce ba a yi asara ba, shidan dama suna ci fiye da yadda suke ɓarewa.

Amma abin ya yi aiki. Rakiya ta daina kallon hannun yara, yara suka koma kallon nata. Ta yi kumatu, ta yi tsawo, ta yi baki. Yana ce mata uwargida, tana ce masa tsoho mai kasko, tana yi masa barazanar za ta auri mai burodi. Wata shekara na dawo daga Yamai na gaya masa cewa na ga irin abin nan a kwali a wani babban kanti, Turawa na kiransa granola, har sukan rubuta a jiki cewa babu gyaɗa babu alkama. Na zaci zai yi mamaki. Ya ce ashe labari ya kai musu, sun yi ƙoƙari, in na koma in gaishe su.

Abin da mutane ba su yafe masa ba shi ne aro. A garinmu turmi yana kwana gida uku a mako, kasko kuma na wanda ya riga zuwa ne. Kawu ya ce nasa ba sa fita. Matar liman ta aiko, ya hana. Ranar wani biki aka rasa faranti, ya hana. Ya yi bayani sau da yawa, amma mutane suna jin bayanin kamar fi'ilin tsohon ma'aikaci ne: ai wankewa ake yi. Aka sa masa Tankari marowaci, ya ce ya karɓa, ya fi Tankari mai gawa.

Wadda ta fi kowa jin haushi ita ce Hajiya Mariyama. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, sana'arta kuma matsar mai da ƙuli-ƙuli. Wata Sallah Kawu ya so ya gyara zumunci, ya aika mata Iri Biyar a kwanonsa. Kwano ba ya komawa hannu rabbana, don haka ta cika shi da ƙuli mai zafi ta maido. Kawu ya tsayar da kwanon a bakin ƙofa, ya tura shi waje da sanda, ya ce ya zama nata. Ta ɗauki wannan a matsayin cin fuska, suka yi wata huɗu gaisuwa kawai. Daga nan duk wanda zai ba Iri Biyar sai ya zo da nasa kwanon, ko ya tara hannu.

Rakiya ta ci jarrabawa ta taho lise, wato babbar sakandare, a Dogondutsi, aka sauke ta a gidana. Kawu ya rako ta da tukwane biyu nata na kanta, ya kuma yi wa matata tambayoyin da ko jandarma ba zai yi ba. Daga lokacin, kowace Juma'a babban gwangwanin madara cike da Iri Biyar yana tahowa a motar Sale, wadda ke barin Sukukutane bayan asuba. Rakiya takan bi ta tasha da tsakar rana idan an tashi daga aji, ta karɓa. Shi ne karin kumallonta na mako, shi ne kuma abin aljihunta.

A shekararta ta biyu Kawu ya tafi Dumega ta'aziyya, da niyyar ya sayo zuma a can, ya kwana biyu. Ranar da ya tafi kaskon Hajiya Mariyama ya tsage tana tsakiyar suyar ƙuli na sunan jikanta. Ta shigo wajen Inna Hajo. Hajiya ce ta karɓi haihuwar Inna Hajo sau huɗu, ita ce ta yi wa uwar Inna Hajo wankan gawa. Irin wannan mutum ba a ce mata a'a a kan ƙarfe. Inna Hajo ta sauko da kaskon daga inda yake rataye, ta roƙe ta ta wanke shi sosai. Hajiya ta goge shi da toka, ta goge da rairayi, ta ɗauraye. Sannan ta yi abin da kowace mace mai mutunci ke yi kafin ta maida ƙarfen aro: ta shafe shi da mai don kada ya yi tsatsa. Wannan Inna Hajo ba ta sani ba.

Kawu ya dawo ranar Laraba da mura, don a bayan buɗaɗɗiyar mota ya zauna, hancinsa a toshe ko barkono ba ya ji. Ranar Alhamis ya sauko da kasko, ya yi wa Inna Hajo tambayarsa bisa al'ada. Ta ce mi zai kwana ciki ban da ƙadangare. Ya soya, ya cika gwangwani, ya ba Sale da asubar Juma'a.

Wajen ƙarfe tara Hajiya Mariyama ta shigo yi masa barka da hanya. Ta ga ya ƙi ambaton kasko, sai ta ambata da kanta.

"Malam Tankari, ko ba ka gode ba na san ka gani. Na goge shi tas, na shahe maka shi da mai na hwari, wanda ko saidawa ba ni yi."

Kawu ya ce: "Wane mai?"

Ta ce: "Wane mai gare ni?"

Inna Hajo ta ce bai ɗaga murya ba. Ya kira wayata, tana kashe, don ina ɗakin karanta labarai. Ya kira ta matata, ta bar ta a gida ta tafi awo. Ya kira ta Sale, ba ta shiga a hanyar nan, kamar kullum. Rakiya ba ta da waya a lokacin. Sai ya fita bakin kasuwa ya tsayar da kabu-kabu, wato babur ɗin haya.

Sai an san Kawu za a gane nauyin wannan. Tun da babur ya shigo garin ya rantse ba zai hau ba, yana kiransa makara mai taya biyu. Ko garin Kiéché zai je ya gwammace ya jira amalanke. Ranar yana da shekara saba'in da huɗu ya hau, takalminsa a ƙafar dama, na Inna Hajo a ta hagu. Mai babur ya gaya mini daga baya cewa bai taɓa ɗaukar fasinja irinsa ba: idonsa a rufe, yana roƙon Allah ya sassauta gudun abin, yana kuma dukan kafaɗarsa yana cewa ya ƙara wuta.

Suka iso tashar Dogondutsi wajen ƙarfe ɗaya. Sale ya hango shi, ya taso da sauri ya gaishe shi, tun kafin a tambaye shi ya ce ai ya ba yarinya saƙonta tun ɗazu. Kawu ya zauna a kan wata tsohuwar taya na ɗan lokaci. Sannan ya tashi ya ce a kai shi gidana.

Na shigo gida ke nan, ƙarfe ɗaya da minti ashirin, ina neman hular masallaci, sai na gan shi a tsakar gida, fari fat da rairayi. Rakiya tana bakin famfo tana wanke rigar makaranta. Ya kama hannunta, ya duba leɓenta, ya ɗaga fatar idonta, ya ce ta ja numfashi ya ji. Sannan ya ce: "Kin ci?"

"Mi zan ci, tsoho? Sale ya ce ba ka aiko ba wanga mako. Har na hwara haɗa kayana in yi yaji."

Kawu ya zauna a ƙasa inda yake.  Matata ta kawo masa ruwa a kofi, ya shanye, bai tambayi komai ba.

Bayan an sauko daga Juma'a muka koma tasha mu uku. Da Sale ya ga kaka da jika tare, ya san zance ya ƙare, ya tsuguna. Ya ce mota ta kafe a rairayi sa'a biyu, fasinja suka yi ta turi har yunwa ta kama su. Wani ya ji ƙamshi daga ƙarƙashin kujera. Aka ce a ɗanɗana kawai. Shi ya fara, sannan gwangwanin ya zagaya. Da suka iso babu komai a ciki, tsoro ya sa ya gaya wa Rakiya ba a aiko ba, tsoron da ya fi wannan kuma ya sa ya gaya wa Kawu ya bayar. Ya jawo gwangwanin ya nuna. Kawu ya tambaye shi ko an rage ko da ƙwaya ɗaya. Sale ya ce wallahi babu, wata tsohuwa har murfin ta lashe. Ya sunkuyar da kai yana jiran abin da zai biyo baya, mutanen tasha kuma sun taru su ma suna jira.

Kawu ya ɗora masa hannu a ka.

"Allah shi yi maka albarka, ɓarawon banza. Da amana gare ka da yau mun yi jana'iza."

Daga makon da ya biyo baya gwangwanin ya koma tafiya a cikin akwatin katako mai kwaɗo, Rakiya ke riƙe da ɗan mabuɗi. A saman akwatin kuma akwai ƙaramin ƙulli na Sale, wanda Kawu ke kira rabon ɓarawo. Sale ya ce mana ranar Asabar wannan ne kaɗai lokacin da aka sa masa albarka a kan sata, kuma bai sake gwadawa ba, don ya san irin wannan sa'a ba ta zuwa sau biyu.

Kawu ya ƙi komawa a babur, ya kwana a gidana ya bi Sale kashegari. Da ya isa ya ɗauki kaskon a ka ya kai wa Hajiya Mariyama. Ya ce tunda an ɗaura masa aure da gujiya, ya tare a gidan mijinsa. Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta riga ta ji yadda ya bar gari, ta kuma yi kwana ɗaya ba ta san ko yarinyar na raye ba. Ta ce shekara goma sha ɗaya tana zaton rowa ce. A makon ta kwashe murhunta daga jikin katangarsu ta mai da shi can ƙarshen gidanta. Daga nan duk wanda ya nufi gidan Kawu aro, ita ke tare shi a hanya ta kore shi, da kalmomin da Kawu kansa bai taɓa amfani da su ba.

Inna Hajo ta yi kwana biyu ba ta iya haɗa ido da shi. A rana ta uku ya same ta a madafa, ya tsaya daga bakin ƙofa kamar yadda ya saba, ya ce laifin nasa ne. Ya ɗora ran yarinya a kan hancin tsoho, hanci kuwa yana mura, wata rana ma za a binne shi da mai shi.

Da hutun damina ya zo ya sa Rakiya a gaba. Ita ta je wajen maƙeri ta tsaya har aka buga mata sabon kasko a gabanta. Ita ta surfa, ita ta turara, ita ta shanya. Ta ƙona riɗi sau uku, kowane karo ya sa ta rubuta dalili a littafi. Ya koya mata gane zumar da aka haɗa da sukari, da man shanun da aka sirka da wani mai. Abin da ya fi ba ta wuya shi ne tambaya, don yarinya ce mai kunya a gaban manya duk da bakinta a gida. Sai ya haɗa baki da matar liman ta kawo mata kwaɗo da hannunta. Rakiya ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta rasa yadda za ta yi. Kawu yana bayan zana yana kallo. Ya fito ya ce mata kunya ba ta buɗe maƙogwaro, ko gidan sarki aka ba ta abinci ta tambaya, wanda ya ji haushi ya ji. Aka maimaita kashegari, ta tambaya. Matar liman ta ce ita dai an mai da ita 'yar wasan kwaikwayo da tsufanta.

Kafin hutun ya ƙare ta soya wanda ya ci ya ja layi biyu a ƙasan shafinta. Bai daina aika mata nasa ba, amma daga ranar ya ce nasa kyauta ce kawai.

Ciwon ajalinsa bai yi tsawo ba, kwana goma sha biyu. A kwanakin ƙarshe ba ya iya haɗiye tuwo. Rakiya ta iso ranar Juma'a, ta hura wuta a bayan ɗakinsa, ta soya, ta daka ya yi laushi, ta dama masa a nono. Ina riƙe da shi ta ba shi cokali uku. Ya tauna a hankali da sauran haƙoransa, ya ce riɗin ya ɗan wuce wuta, uwargida. Sannan ya buɗe baki ya karɓi na huɗu.

Allah ya jiƙan Kawu Tankari. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa, ya kiyaye shi kamar yadda ya kiyaye marainiyar da aka ba shi. Allah ya ba Inna Hajo haƙuri. Amin.

Ranar Litinin da safe Rakiya ta koma Yamai, inda take shekara ta biyu a makarantar ungozoma. Ta soya guzurinta da kanta ranar Lahadi, gwangwani uku, ta ce zai kai ta ƙarshen wata.